Akidar Hoja: reshen kwaminisancin da ya fito daga rabuwar Albaniya da China

Duk lokacin da muhawara ta tashi a kan basussukan da ƙasashen Afirka ke karɓa daga China, ko a kan gwamnatocin da ke juya wa Turawan Yamma baya suna fuskantar Rasha, akan ji mutane suna zuba China da Rasha da Kuba da Koriya ta Arewa a kwando ɗaya, su ce ai dukkansu 'yan gurguzu ne, bakinsu ɗaya. Amma wanda ya bibiyi siyasar masu ra'ayin gurguzu zai ci karo da abin da zai ɗaure masa kai. A Jamhuriyar Benin da Burkina Faso da Tunisiya da Turkiyya da Ekwado akwai jam'iyyu masu ɗaga jar tuta, masu kiran kansu magadan Marx da Lenin, waɗanda suke cewa China ƙasar jari-hujja ce mai neman danne raunana, kuma Tarayyar Sobiyet ta bar tafarkin gurguzu tun shekara 35 kafin ta ruguje. Ta yaya ɗan kwaminis zai tsani manyan ƙasashen kwaminis fiye da yadda ya tsani Amurka a wasu lokutan, kuma daga ina wannan ra'ayi ya samo tushe? Amsar tana wata ƙaramar ƙasa ta kudu maso gabashin Turai, wato Albaniya, da kuma mutumin da ya mulke ta daga 1944 zuwa 1985, Enver Hoja, wanda ake rubuta sunansa Hoxha da harshen Albaniyanci.

Me ake nufi da kwaskwarima, kuma su wane ne masu adawa da ita?

Kafin a shiga tarihi, dole a fahimci kalma ɗaya da duk rigimar ta rataya a kanta. A ƙarshen ƙarni na 19, wani jigo a jam'iyyar ma'aikata ta Jamus mai suna Eduard Bernstein ya fito ya ce wasu daga cikin hasashen Karl Marx ba su tabbata ba, don haka a sake duba su. A ganinsa, ma'aikata za su iya samun haƙƙinsu sannu a hankali ta hanyar zaɓe da majalisa da ƙungiyoyin ƙwadago, ba sai an yi juyin-juya-hali an zubar da jini ba. Lenin da Rosa Luxemburg da wasunsu suka yi masa ca, suka ce ya yi wa akida kwaskwarima har ya cire mata haƙora. Tun daga lokacin, kiran mutum ɗan kwaskwarima ya zama zargi mafi muni da ɗan kwaminis zai yi wa ɗan'uwansa, domin ma'anarsa ita ce mutumin yana nan sanye da rigar akida alhali ya sayar da ita daga ciki.

Masu adawa da kwaskwarima, a ma'anar da kalmar ta ɗauka bayan 1956, su ne waɗanda suka ce tafarkin Marx da Engels da Lenin da Stalin cikakke ne, kuma duk wanda ya soki Stalin ko ya sassauta tsarinsa ya kauce. Wannan sansani ya rabu gida biyu daga baya: masu bin Mao Zedong na China, da masu bin Hoja. Yana da kyau a lura cewa mabiya Hoja ba su cika kiran kansu da sunansa ba. Su a wurinsu 'yan Markisanci da Leninanci ne tsantsa, kuma Hoja mai tsaron akida ne kawai, ba mai kawo sabuwa ba. Abokan hamayyarsu da masu nazarin tarihi ne suka fi jingina akidar ga sunansa.

Ƙaramar ƙasa mai tsoron maƙwabciyarta

Albaniya ba ta kai Jihar Kaduna faɗin ƙasa ba, kuma a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu mutanenta sun ɗan haura miliyan ɗaya ne kawai, akasarinsu manoma da makiyaya a cikin duwatsu, mafi yawansu Musulmi, sai Kiristoci mabiya Otodoks da Katolika. Italiya ta mamaye ta a Afrilun 1939, Sarki Zog ya tsere, daga baya Jamus ta karɓi mamayar a 1943. A cikin wannan hali aka kafa jam'iyyar kwaminis ta Albaniya ranar 8 ga Nuwamban 1941 a Tirana, babban birnin ƙasar, da taimakon wakilan jam'iyyar kwaminis ta Yugoslabiya. Hoja, wanda aka haifa a garin Gjirokaster a 1908 cikin gidan Musulmi, ya yi karatu a Faransa sannan ya koyar da Faransanci a gida, shi ne ya zama jagoranta. Sunan gidansu ma yana nufin malami ne. A ƙarshen Nuwamban 1944 mayaƙan jam'iyyar suka karɓi mulki.

A nan ne ake samun mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Yugoslabiya ta Josip Broz Tito, wadda ta taimaka wajen kafa jam'iyyar, tana kallon Albaniya a matsayin ƙanwar da za a haɗe cikin tarayyarta, kuma tana da mutuminta a cikin gwamnatin Tirana, ministan cikin gida Koci Xoxe, wanda ƙarfinsa ya kusa rinjayar na Hoja. Da abubuwa sun ci gaba a haka, da wuya Hoja ya tsira da kujerarsa, watakila ma da ransa. Sai ga shi a Yunin 1948 Stalin ya ɓata da Tito, aka kori Yugoslabiya daga ƙawancen jam'iyyun kwaminis. Hoja ya yi wuf ya kori mashawartan Yugoslabiya, ya rungumi Masko, aka kama Xoxe aka kashe shi a 1949. Stalin, a wurin Hoja, ya zama mutumin da ya ceci ƙasarsa da mulkinsa a lokaci guda, kuma wannan bashi ne da bai taɓa mantawa da shi ba har ya mutu.

Yadda aka ɓata da Masko

Stalin ya mutu a Maris ɗin 1953. Magajinsa Nikita Khrushchev ya tafi Belgrade, babban birnin Yugoslabiya, a 1955 ya sasanta da Tito, sannan a Fabrairun 1956, a babban taron jam'iyyar Sobiyet na 20, ya yi jawabin sirrin da ya fallasa kashe-kashen zamanin Stalin da bautar shugaba da aka mayar al'ada. Taron ya kuma amince cewa gurguzu da jari-hujja za su iya zaman lafiya da juna, kuma a wasu ƙasashe ana iya kaiwa ga gurguzu ta hanyar majalisa. A 1961 aka ƙara da cewa gwamnatin Sobiyet ta zama ta dukkan jama'a, ba ta ajin ma'aikata kaɗai ba.

A Tirana waɗannan sauye-sauye sun zo da barazana iri biyu. Idan Tito ya koma ɗan gida, to an wanke Xoxe ke nan, kuma waɗanda suka kashe shi sun zama masu laifi. Idan kuma aka ce a daina mulki irin na Stalin, to Hoja ne Stalin na Albaniya. Ba a daɗe ba alamar ta bayyana: a Afrilun 1956, a taron jam'iyya na birnin Tirana, wasu wakilai suka tashi suka soki rayuwar jin daɗin shugabanni da kisan 'yan jam'iyya, Hoja ya murƙushe su. Boren Hangare na ƙarshen wannan shekara ya ƙara tabbatar masa cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma batun tattalin arziki. Da Khrushchev ya ziyarci Albaniya a 1959, ya ba da shawarar ƙasar ta mayar da hankali kan noman lemo da zaitun da makamantansu, ta bar wa manyan ƙasashen da ke ƙawance da Masko harkar masana'antu. Hoja ya ɗauki wannan a matsayin yunƙurin mayar da ƙasarsa gonar wasu. Da rigima ta fito fili tsakanin Masko da Beijing a taron jam'iyyun kwaminis da aka yi a Bukares ta Romaniya a Yunin 1960, wakilin Albaniya ya ƙi sa baki a la'antar China. A shekarar aka yi fari, Masko ta ja ƙafa wajen aiko da alkama, China kuwa, duk da yunwar da take fama da ita a lokacin, ta sayo alkama daga waje ta aika. A Nuwamban 1960, a taron jam'iyyu 81 da aka yi a Masko, Hoja ya tsaya gaban Khrushchev ya zarge shi da amfani da abinci wajen tilasta wa ƙaramar ƙasa biyayya. A 1961 Sobiyet ta janye ƙwararrunta da bashinta da akasarin jiragen yaƙinta na ƙarƙashin ruwa daga sansanin Vlora, Khrushchev ya yi tir da shugabannin Albaniya a taron jam'iyyarsa na 22 a watan Oktoba, firaministan China Zhou Enlai ya bar taron tun bai ƙare ba, kuma a Disamba aka yanke hulɗar jakadanci. A lokacin ne Hoja ya yi maganar da ta shahara, cewa mutanensa za su ci ciyawa in ta kama, amma ba za su sayar da kansu ba. A 1968, bayan sojojin ƙawancen Warso, wato ƙawancen soja na Sobiyet da ƙasashen da ke bin ta, sun shiga Cekoslobakiya, Albaniya ta fice daga ƙawancen a hukumance.

Shekarun China, da rabuwar da ta haifi akidar

Daga 1961 China ta maye gurbin Sobiyet. Ta gina wa Albaniya madatsun ruwa na lantarki, da masaƙu, da katafaren kamfanin ƙarafa na Elbasan, ta ba ta makamai, Mao ya kira ta fitilar gurguzu a Turai. Albaniya kuma ta zama bakin China a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma tana kan gaba a ƙasashen da suka gabatar da ƙuduri mai lamba 2758 na Oktoban 1971, wanda ya ba gwamnatin Beijing kujerar China a majalisar. A wannan zamani ba wanda yake maganar akidar Hoja dabam da ta Mao, domin jam'iyyun da suka ɓalle daga bin Masko a faɗin duniya suna kallon Beijing da Tirana a matsayin abu ɗaya.

Ɓarakar ta fara ne a 1971, da labari ya fito cewa Henry Kissinger ya je Beijing a asirce don share fagen ziyarar shugaban Amurka Richard Nixon, wadda aka yi a Fabrairun 1972. Hoja ya aika wa shugabannin China doguwar wasiƙa yana nuna rashin amincewarsa. Daga nan sai batun da ake kira ra'ayin duniyoyi uku, wanda Mao ya bayyana a hirarsa da shugaban Zambiya Kenneth Kaunda a Fabrairun 1974, kuma Deng Xiaoping ya gabatar a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Afrilun shekarar. Ra'ayin ya ce duniya ta farko ita ce Amurka da Sobiyet, ta biyu ita ce Turai da Japan da Kanada, ta uku kuma ita ce ƙasashen Asiya da Afirka da Latin Amurka, har da China. A aikace, Beijing ta ɗauki Sobiyet a matsayin abokiyar gaba mafi haɗari, don haka ta shiga ƙulla zumunci da duk wanda ke adawa da Masko. Ta karɓi shugaba Mobutu Sese Seko na Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yau, a 1973, ta ci gaba da hulɗa da gwamnatin Pinochet bayan juyin mulkin Cile, ta kyautata dangantaka da Sarkin Iran.

Hoja ya ce wannan ra'ayi ya share bambancin aji gaba ɗaya. Ta yaya za a sa ma'aikacin ma'adinai na lardin Katanga a Zayar da Mobutu a sahu ɗaya don kawai dukansu 'yan duniya ta uku ne? A ganinsa, ra'ayin yana umartar talakawa su jingine gwagwarmaya da azzaluman gida, su mara musu baya saboda lissafin siyasar China. A nan, ko wanda ba ya tare da Hoja a komai zai yarda cewa tambayar tana da nauyi, kuma har yau ba ta tsufa ba.

Bayan mutuwar Mao a Satumban 1976 sai abin ya fito sarari. A Yulin 1977 jaridar jam'iyyar Albaniya ta buga dogon sharhi tana ragargazar ra'ayin duniyoyi uku. Makonni kaɗan bayan haka China ta yi wa Tito gagarumar tarba a Beijing, abin da Tirana ba za ta iya haɗiyewa ba. A Yulin 1978 China ta sanar da yanke duk wani taimako, ta kwashe ƙwararrunta, tana cewa ta kashe wa Albaniya fiye da yuwan biliyan 10. A wannan shekarar Hoja ya fitar da littafinsa kan mulkin danniya da juyin-juya-hali, inda ya wuce sukar magadan Mao ya kai ga Mao kansa, ya ce tun asali bai taɓa zama ɗan Markisanci na gaskiya ba. Daga wannan lokaci ne aka samu reshe mai zaman kansa, kuma ƙananan jam'iyyun da ke bin Beijing da Tirana tare suka tsage, kowa ya zaɓi ɓangarensa.

Wanda ya jera rabuwar nan uku zai ga zare ɗaya yana bi ta cikinsu. A 1948, da 1961, da 1978, Hoja ya ɓata da uban gidansa ne a daidai lokacin da uban gidan ya zama barazana ga kujerarsa, ko ya sasanta da waɗanda yake tsoro, musamman Yugoslabiya. Wannan ba ya nufin bai yi imani da abin da yake faɗa ba, alamu sun nuna ya yi imani da shi matuƙa. Amma ra'ayina shi ne, tsoron ƙaramar ƙasa da tsoron mai mulki su ne ƙashin bayan akidar, hujjojin littafi kuwa daga baya suka zo suka lulluɓe su.

Abin da akidar ta ƙunsa

Ginshiƙinta na farko shi ne kare Stalin ba tare da togiya ba, da cewa ginin gurguzu a Sobiyet daga 1924 zuwa 1953 daidai ne, kuma abin da ya biyo bayan 1956 maido da jari-hujja ne a hannun sabon ajin manyan jami'ai. Daga nan ne suka kira Sobiyet ta Khrushchev da Brezhnev ƙasar da ke gurguzu a baki, mulkin mallaka a aikace, suka kuma ƙi yarda a jingina da ɗaya daga cikin manyan ƙasashe biyu don yaƙar ɗayar.

Saɓaninsu da Mao ya fi zurfi fiye da siyasar waje. Hoja ya zargi Mao da fifita manoma a kan ma'aikatan masana'antu, alhali a Markisanci ajin ma'aikata ne jagora. Ya zarge shi da barin 'yan kasuwa da masu masana'antu na cikin gida su ci gaba da samun rabo bayan 1949, da kuma barin wasu ƙananan jam'iyyu su wanzu. Ya ƙi amincewa da koyarwar Mao cewa ko da yaushe akwai layi biyu masu gwagwarmaya a cikin jam'iyya, domin a wurinsa jam'iyya layi ɗaya gare ta, wanda ya saɓa kuwa maƙiyi ne da za a cire. Ya kuma ce juyin al'adun da China ta fara a 1966 hargitsi ne da aka sa ɗalibai da sojoji suka yi a kan jam'iyya, maimakon jam'iyya ta jagorance shi. Ban da China da Sobiyet da Yugoslabiya, ya haɗa da jam'iyyun kwaminis na Italiya da Faransa da Sifen da suka rungumi siyasar zaɓe, duk ya kira su 'yan kwaskwarima. Sakamakon wannan lissafi shi ne, bayan 1978, Albaniya kaɗai ce ƙasar gurguzu a doron ƙasa.

Ginshiƙi na ƙarshe shi ne dogaro da kai. Tsarin mulkin 1976 ya haramta karɓar bashi daga ƙasashen jari-hujja da na 'yan kwaskwarima, ya kuma haramta ba kamfanonin waje izinin aiki a ƙasar. Hujjar ita ce wadda Bahaushe ya sani, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da talakan Albaniya ya gani

Masu kare Hoja suna da abubuwan da suke nunawa, kuma adalci ne a ambace su. Kafin yaƙi, mafi yawan Albaniyawa ba su iya karatu da rubutu ba, gwamnatinsa ta kai makaranta kowane lungu, ta buɗe jami'ar Tirana a 1957. An busar da fadamun da ke haifar da zazzaɓin cizon sauro an mayar da su gonaki, an kai wutar lantarki dukkan ƙauyuka a 1970, mata sun shiga makaranta da aiki, an daƙile al'adar ramuwar jini tsakanin dangi a yankunan duwatsu, kuma yawan jama'a ya haura miliyan 3 a ƙarshen shekarun 1980.

Amma farashin da aka biya ya yi tsada ƙwarai, kuma waɗanda aka ce don su ake yi su ne suka biya. 'Yan sandan ciki da ake kira Sigurimi sun cika ƙasar da masu kai rahoto. An kashe mutum kusan 6,000 saboda siyasa, an ɗaure dubun-dubata a gidajen kaso irin su Spac da Burrel, kuma laifin mutum ɗaya yakan jawo a kori iyalinsa duka zuwa wani ƙauye mai nisa, a hana 'ya'yansa karatu mai zurfi. Fita daga ƙasar ba tare da izini ba cin amana ne, ana harbin mai ƙoƙarin tsallaka iyaka. Koyarwar layi ɗaya ta cinye har waɗanda suka gina ta: an kashe ministan tsaro Beqir Balluku a 1975, kuma a Disamban 1981 aka sanar cewa firaminista Mehmet Shehu, na hannun daman Hoja na kusan shekara 40, ya kashe kansa, daga baya aka ce ɗan leƙen asirin ƙasashe da dama ne.

Abin da zai fi taɓa zuciyar mai karatu shi ne batun addini. A 1967, bayan jawabin Hoja na watan Fabrairu, aka tura matasa suka rufe masallatai da coci-coci da zawiyoyin ɗariƙar Bektashi, fiye da wurin ibada 2,000 a cikin 'yan watanni. An rushe wasu, an mayar da wasu rumbuna da zaurukan wasanni, kamar yadda aka yi wa babban cocin Katolika na birnin Shkoder. Tsarin mulkin 1976 ya bayyana cewa gwamnati ba ta amince da kowane addini ba, kuma tana goyon bayan yaɗa rashin imani da Allah. An ɗaure limamai da fada-fada, an kashe wasu. An hana sanya wa yara sunayen addini, kuma a watan azumi ana sa ido a makarantu da wuraren aiki don gano mai azumi. Malami irin Hafiz Sabri Koci ya shafe kimanin shekara 20 a kurkuku. Ko Sobiyet ta Stalin, da duk ƙuntatawar da ta yi wa addini, ba ta rufe kowane wurin ibada ta rubuta haramcin a doka haka ba. Wata al'umma guda ta taso ba ta taɓa jin kiran salla ko ƙararrawar coci ba, kuma wannan rashi ne da ba a auna shi da madatsar ruwa.

Dogaro da kai ma ya zama ƙunci bayan 1978. Injinan da China ta bari suka tsufa ba kayan gyara, ga kuɗi da siminti da ƙarfe da aka zuba wajen gina ƙananan ramukan tsaro na kankare fiye da 170,000 saboda harin da bai taɓa zuwa ba. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta ce a tattara 'yan dabbobin da suka rage a hannun manoma a haɗa su cikin garken gama-gari, manoma da yawa suka gwammace su yanka dabbobinsu, nama da madara suka yi ƙaranci, aka koma rabon abinci da kati da dogayen layuka tun asuba.

Mabiya a waje, har da maƙwabtanmu

Duk da ƙanƙantarta, Tirana ta samu mabiya ta hanyar gidan rediyonta mai watsa shiri da harsuna da dama, da littattafan Hoja da ake fassarawa ana rabawa. Jam'iyyar kwaminis ta Brazil mai laƙabin PCdoB ta bi ta bayan 1978, haka ma wasu jam'iyyu a Ekwado da Kolombiya da Sifen da Jamus da Kanada da Turkiyya.

A Afirka labarin ya fi jan hankali, domin mabiya Hoja sun fi yin faɗa ne da gwamnatocin da su ma ke kiran kansu na juyin-juya-hali. A Benin, Mathieu Kerekou ya ayyana Markisanci da Leninanci a matsayin akidar ƙasa a 1974, amma jam'iyyar kwaminis ta Dahome (tsohon sunan ƙasar) da aka kafa a ɓoye a 1977, mai bin layin Albaniya, ta ce mulkin soja ne ya ari jar riga. An kama 'ya'yanta da yawa an tsare, kuma ta taka rawa a yajin aiki da zanga-zangar 1989 da suka tilasta kiran babban taron ƙasa na Fabrairun 1990, ko da yake ita kanta ta ƙi halartarsa. A Burkina Faso, jam'iyyar PCRV da aka kafa a 1978 ta ƙi mara wa Thomas Sankara baya, tana cewa abin da ya faru a 1983 juyin mulki ne na soja. A Tunisiya, Hamma Hammami ya kafa jam'iyyarsa a 1986, ya sha ɗauri a zamanin Ben Ali, kuma ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasa na 2014.

Wurin da akidar ta fi kusantar mulki a wajen Albaniya shi ne Habasha. Shugabannin ƙungiyar TPLF ta yankin Tigray, ciki har da Meles Zenawi, sun kafa wata ƙungiya ta Markisanci a cikinta a 1985 wadda ta ɗauki Albaniya abin koyi, abin da ba ya rasa nasaba da cewa Sobiyet ce ke ba abokin gabarsu Mengistu, shugaban mulkin sojan Habasha na lokacin, makamai. Amma da suka shiga Addis Ababa a Mayun 1991, sun tarar duniya ta sauya, suka ajiye layin Tirana, kuma daga baya gwamnatin Meles ta zama ɗaya daga cikin manyan abokan China a nahiyar.

Rushewar gida da abin da ya rage

Hoja ya mutu ranar 11 ga Afrilun 1985, Ramiz Alia ya gaje shi. Tsarin bai kai shekara shida a bayansa ba. A Yulin 1990 dubban mutane suka kutsa ofisoshin jakadancin ƙasashen waje a Tirana suna neman fita. A Nuwamban shekarar aka sake yin ibada a fili a Shkoder, Kiristoci da Musulmi, kuma a Janairun 1991 dubban mutane suka taru a masallacin Et'hem Bey na tsakiyar Tirana. Ranar 20 ga Fabrairun 1991 jama'a suka kayar da gunkin Hoja a dandalin Skanderbeg. A Agustan shekarar jirgin ruwa guda ya isa Bari ta Italiya ɗauke da mutum kusan 20,000 masu gudun talauci. Jam'iyyar ta sauya suna ta zama ta 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi, ta sha kaye a zaɓen Maris ɗin 1992, kuma a 2009 Albaniya ta shiga ƙawancen NATO.

Mabiya na waje suka rabu. PCdoB ta bar layin, ta riƙe ƙawancen zaɓe da Lula, jagoran jam'iyyar ma'aikata ta Brazil. Waɗanda suka tsaya a kai suka haɗu a birnin Kito na Ekwado a 1994 suka kafa wani dandali na ƙasa da ƙasa da ke nan har yanzu. Bayaninsu kan faɗuwar Albaniya shi ne wanda Hoja ya yi kan Sobiyet: Alia ne ya yi kwaskwarima ya ci amana. A nan ne raunin akidar ya fi fitowa, domin ba ta da wata hanyar bayyana gazawa sai ta nemo maci amana, don haka ba ta iya tambayar ko tsarin da kansa ne ya gaza.

A yau waɗannan jam'iyyu ƙanana ne, ba su riƙe da mulki a ko'ina, ƙarfinsu yana cikin wasu ƙungiyoyin malamai da ɗalibai da ma'aikata. A muhawarar da ake yi kan China da Rasha a Afirka, matsayinsu shi ne dukansu biyu masu neman kasuwa da ma'adinai da tasiri ne kamar Faransa da Amurka, kuma sauya uban gida ba 'yanci ba ne. Masu adawa da su daga cikin 'yan gurguzu suna mayar musu da martani cewa ƙasar da ta ƙi bashi da ciniki da kowa ta ƙare a matsayin mafi talauci a Turai, yayin da China da suke zagi ta fitar da ɗaruruwan miliyoyi daga fatara. A Albaniya kanta, majalisa ta zartar da dokar buɗe takardun Sigurimi a 2015, kuma iyalai da yawa suna nan suna neman inda aka binne iyayensu da kakanninsu da aka kashe ba a ba su gawa ba.